Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Maraɗi: su wa za su ɗauki simintin gasar 2034, kuma wa zai rubuta sunayensu?

Zuwa ga Mai girma Djibrilla Hima Hamidou, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa FENIFOOT kuma ɗan Majalisar FIFA, da shugabannin Ma'aikatar Ƙwadago, da na hukumar samar da aikin yi ta ANPE, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, masu wannan takarda mutanen Maraɗi ne, cikinmu akwai masu horar da 'yan ƙwallo, da magina, da ma'aikatan lafiya, da 'yan ƙwadago. Mun rubuto ne a kan gasar cin kofin duniya da za a yi a Saudiyya a 2034, da kuma yaranmu da za su je ginin filayenta.

Ranku ya daɗe, kun fi mu sanin yadda aka ba da gasar. A Oktoban 2023 aka raba ta 2030 tsakanin Maroko da Sifaniya da Fotugal, aka kuma ware wasanni uku ga Kudancin Amurka. Da haka ƙa'idar karɓa-karɓa ta bar wa Asiya da yankin Oshiyaniya ta 2034 su kaɗai, aka ba masu sha'awa kwana 25 su bayyana kansu. Ostireliya ta janye, Saudiyya ta saura ita ɗaya. Rahoton tantancewa na FIFA ya ba ta maki 419.8 cikin 500, ya kuma ce haɗarin da ke tattare da haƙƙin ɗan Adam matsakaici ne. Ran 11 ga Disamba 2024 babban taron FIFA ya zauna ta intanet, aka haɗa gasannin biyu a tambaya guda, aka ce wakilai su tafa a gaban kyamara, tafin ya zama ƙuri'a. Hukumar ƙwallon Norwe ta fito fili ta ce ba ta yarda da wannan tsari ba.

Alƙalami ya bushe a kan wannan. Ginin ne ke gaba. Takardar neman gasar ta yi alkawarin filaye 15 a birane biyar, wato Riyad, Jidda, Al-Khobar, Abha da Neom, kuma 11 daga ciki sababbi ne, har da wanda zai ɗauki mutum 92,000 a Riyad. Ƙungiyoyi 48 za su buga wasa 104. Bayan filayen akwai otal-otal, hanyoyi, layin dogo da filayen jirgin sama. Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta nuna baƙi miliyan 13.4 cikin mutum miliyan 32.2, kuma baƙin nan su ne ke kwaɓa kankare, su ɗaura ƙarfe, su yi gadi, su yi shara. Duk wanda ya san Maraɗi ya san hanyar Makka tsohuwar hanyarmu ce. Da wuya ka shiga unguwa a Zariya ko Bagalam, ko ƙauye a Madarumfa, Tasawa, Gidan Runji ko Mayahi, ba ka tarar da gidan da ke da ɗa ko ɗiya a can ba. In aiki ya ƙaru, masu neman hannu za su ƙaru, kuma ƙafarsu za ta iso nan.

Mun san abin da ake faɗa a fada da tashar mota idan wannan zance ya taso. Ana cewa Turawa ne ke baƙin cikin ganin ƙasar Musulmi da gasar, kamar yadda suka yi wa Katar. A cikin zargin akwai gaskiya. An buga gasar 1934 a Italiyar Mussolini, an buga ta 1978 a Ajantina sojoji na azabtar da mutane a wani barikin da ke kusa da filin wasan ƙarshe, an buga ta 2018 a Rasha shekara huɗu bayan ta ƙwace Kirimiya. Amurka, ɗaya daga masu masaukin 2026, ta rufe ƙofarta a Yunin 2025 ga 'yan ƙasashe 12, ciki har da Chadi maƙwabciyarmu, da Iran da Haiti waɗanda suka samu gurbin gasar. Ba kowane mai suka ne ke da hannu mai tsabta ba. Sai dai ƙazantar hannun mai suka ba ta mayar wa lebura albashinsa. Kuma abubuwan da ake ambata a kan Saudiyya ba ƙage ba ne: kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancinta na Istanbul a Oktoban 2018, zartar da hukuncin kisa kan mutum 81 a rana ɗaya a Maris 2022, haramcin ƙungiyar ƙwadago da yajin aiki. Girman da muke ba ƙasa mai tsarki yana nan daram. Kamfanin da ya riƙe kuɗin magini wata biyar bai shiga cikin wannan girman ba, kuma addinin da ya haɗa mu da su shi ne ya ce a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Masu cewa kada a haɗa ƙwallo da siyasa kuma, tarihin Afirka ne ke ba su amsa. Tun gasar Afirka ta farko a Khartum a 1957 aka ajiye Afirka ta Kudu gefe don ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa baƙi da fari. Ƙasashen Afirka sun ƙaurace wa gasar duniya ta 1966 saboda an haɗa su da Asiya da Oshiyaniya a gurbi ɗaya, kuma da wannan ƙauracewa suka samu nasu gurbin a 1970. A 1976 Nijar na cikin ƙasashen da suka juya wa wasannin Olamfik na Montreal baya a kan wariyar launin fata. Kujerar da kuke kai yau, irin wannan tsayuwa ce ta samar da ita.

Darasin Katar shi ya kamata a zauna a kansa, domin duk abin da zai iya lalacewa an riga an gan shi a can. An ba ta gasar ran 2 ga Disamba 2010, aka buga daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba 2022. Har yau ba wanda zai iya faɗin adadin ma'aikatan da suka mutu saboda ita. Jaridar Guardian ta ƙirga sama da 6,500 daga Indiya, Pakistan, Nepal, Bangaladash da Siri Lanka cikin shekara goma, amma wannan ya haɗa kowace irin mutuwa a kowane irin aiki. Masu shirya gasar sun ce uku ne suka mutu a bakin aikin filaye, 37 kuma ta wasu dalilai. Babban sakataren kwamitin shirya gasar, Hassan al-Thawadi, ya ce a wata hira ana tsakiyar gasar tsakanin 400 da 500. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙirga mutum 50 da suka mutu a dalilin aiki a shekarar 2020 kaɗai, da sama da 500 masu munanan raunuka. Abu biyu suka jawo wannan tazara. Na farko, ƙa'idojin kariya na kwamitin gasar sun tsaya ne a kan masu aiki cikin filayen wasa, waɗanda ƙalilan ne cikin baƙin ma'aikatan ƙasar. Mai haƙa ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa ko mai ginin otal ba ya cikin lissafi. Na biyu, takardar mutuwa. Saurayi mai shekara 28 ya kwanta da dare bai tashi ba, a rubuta zuciya ce ta tsaya, ko ajali ne, ba tare da binciken gawa ba. Da an rubuta haka, mutuwar ta fita daga haɗarin aiki, diyya ta faɗi. Ku lura kuma: ƙidayar Guardian ta yiwu ne don ƙasashen nan biyar suna da rajistar mutanensu. Ƙasar da ba ta rubuta masu fita ba, mamatanta ko cikin gardamar ba sa shiga.

Zafi ne babban mai kisa a ɓoye, kuma a nan yaranmu ke ruɗin kansu, suna cewa wanda ya yi noma a bazarar Maraɗi wace rana zai ji tsoro. Zafinmu busasshe ne, gumi na fita iska ta ɗauke shi, jiki ya huce. Jidda da Al-Khobar a bakin teku suke, iskar cike take da laima, gumi na zuba amma ba ya bushewa, zafin ciki na ta hawa. Mai aiki mai nauyi kan zubar da lita ɗaya ko fiye a awa guda. In bai mayar ba jini ya yi kauri, zuciya ta ƙara gudu, ƙoda ta fara ƙonewa a hankali. Wasu sai sun dawo gida ake gano suna buƙatar wankin ƙoda. Wani binciken likitoci da ya fito a 2019 kan 'yan Nepal da suka mutu a Katar daga 2009 zuwa 2017 ya ƙiyasta cewa kimanin 200 cikin 571 da aka rubuta wa ciwon zuciya, da an ɗauki matakin kariya daga zafi da sun tsira. Matakin kuwa sananne ne: kofin ruwa kowane minti 15 zuwa 20, inuwa da hutu a kan kari, da sabon zuwa ya yi sati ɗaya zuwa biyu ana ƙara masa aiki kaɗan-kaɗan kafin a sake masa cikakken yini. Sai a 2021 Katar ta tsawaita lokacin hana aikin waje, ya koma daga 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ta kuma ce a tsai da aiki duk lokacin da ma'aunin da ke haɗa zafi da laima da hasken rana ya haura digiri 32.1. Dokar Saudiyya daga 12 na rana zuwa 3 take, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, agogo take bi. Ƙarfe 10 na safiyar Agusta a bakin teku kan fi tsakar rana ta wani wuri haɗari.

Gyaran da Katar ta yi na gaske ne, sai dai ya zo bayan an kusa gama ginin. A 2020 ta soke sharaɗin sai da izinin kafili, wato ubangidan da ya ɗauko ma'aikaci, ake canza aiki, a Maris 2021 ta sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai ba da su ba. Duk da haka a 2020 an samu ma'aikata kusan 100 a filin Al Bayt da suka yi har wata bakwai ba albashi, kuma a 2021 an tsare wani mai gadi ɗan Kenya don ya rubuta halin da suke ciki. FIFA ta tara dalar Amurka biliyan 7.5 a zangon da ya ƙare da gasar Katar. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun nemi ta ware miliyan 440, daidai kuɗin kyautar ƙungiyoyi, don biyan waɗanda aka cuta. A Nuwamba 2024 ta sanar da asusun miliyan 50 da zai bi ta wasu hukumomin duniya, ba diyyar lebura ko ɗaya a ciki, alhali rahoton da ita kanta ta sa aka yi ya ce tana da alhakin taimakawa a biya su. Wanda bai sa sharaɗi tun ran gini ba, ran zane ba shi da bakin magana.

A Saudiyya gyaran Maris 2021 ya ba wasu ma'aikata damar canza aiki bayan shekara ɗaya da fita ƙasar ba sai da sa hannun kafili ba, amma ya bar 'yan aikatau, direbobin gida, masu aikin gona da makiyaya a waje, kuma nan ne da yawa daga namu suke. Babu mafi ƙarancin albashi na bai ɗaya ga baƙo. Ƙungiyar magina ta duniya ta kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Duniya a Yunin 2024, kuma a Maris 2025 wani ɗan Pakistan ya faɗo ya mutu a ginin filin Al-Khobar.

Cutar ba a Riyad take farawa ba, a nan take farawa, a ɗakin dillali. Sashe na 40 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na igama (takardar izinin zama), da na izinin aiki, da tikitin komawa gida. Ke nan bai kamata yaro ya biya ko dala ba. Amma ga misali na yadda lissafin ke zama. A ce an jinginar da gona an sayar da shanu an haɗa jika 1,500 an ba dillali, bisa alkawarin riyal 1,500 a wata. Ya isa, aka miƙo masa wata takardar da Larabci mai riyal 800, ya sa hannu don ba shi da kuɗin juyowa. Abinci da waya suka ci 300. Saura 500, wajen jika 80 gwargwadon canji. Sai ya yi wata 19 kafin ya fanshi abin da aka kashe, a kwantiragin wata 24. In aka yi masa jinkirin albashi na wata uku, ya yi shekara biyu a banza. Bashin nan shi ne igiyar da ta fi kafala ƙarfi: mai shi ba ya ƙorafi, ba ya cewa ba shi da lafiya, ba ya ƙin hawa bene ba ɗamara. In ya gaji ya gudu, kafili ya kai sunansa a matsayin hurub, wato wanda ya tsere daga aiki, igamarsa ta mutu, ya koma abin farautar jawazat, jami'an shige da fice, har ya ƙare a tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora gida. Wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale kuwa, tun farko ba shi da kwantiragi, ba inshora, ba ƙofar kotu, kuma ƙananan kamfanonin da ke can ƙasan jerin 'yan kwangila irinsa suke so don arha.

Haƙƙoƙin da ke rubuce ba kaɗan ba ne, rashin saninsu ne ke kashe su. Awa 8 a yini ko 48 a sati, abin da ya haura a biya da ƙarin rabin albashin awa. Hutun kwana 21 a shekara. Kuɗin sallama, rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kowace shekara bayan nan. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne. Kwantiragin da aka yi wa rajista a manhajar Qiwa shi ne abin dogaro, na 'yan aikatau kuma a Musaned, don haka takardar da dillali ya buga a Maraɗi ba ta da nauyi in ta saɓa musu. Ƙara tana farawa daga ofishin sasanci kafin kotun ƙwadago, kuma tana da wa'adi. Wanda ya yi shiru har aka sa shi jirgi, da wuya ya sake ganin kuɗinsa.

Sai maganar rasuwa, wadda ta fi kowace ɗaci. Idan labari ya zo, dangi kan yi gaggawar ba da wakilci a rufe mamaci a can, suna ganin ya dace da makwanci. Ba mu ja da wannan ba. Amma kafin sa hannu akwai takardun da dole a karɓa: shaidar mutuwa mai faɗin sababi, rahoton asibiti, rahoton 'yan sanda in haɗari ne, lissafin albashin da ya rage da kuɗin sallama, da shaidar an kai maganar hukumar inshorar ma'aikata, wadda kamfani ke zuba wa kashi 2 cikin ɗari na albashi don haɗarin aiki. In dangi sun so a kawo gawa gida, dokar ta ɗora kuɗin a kan kamfani. Wannan duk dukiyar marayu ce, ba wanda ke da ikon yafe ta a madadinsu da sunan tawakkali.

Ga Ma'aikatar Ƙwadago da ANPE, roƙonmu a buɗe rajista a kowace jiha, ta Maraɗi a gaba, mai ɗauke da sunan mai tafiya, garinsu, lambar fasfo, sunan kamfani da kafili, albashi, da wanda za a kira a gida. Kada ajans ta fitar da kowa sai tana da lasisi, ta kuma ajiye kuɗin jingina a banki da za a ɗiba in ta yaudari mutum. A buga sunayen masu lasisi, a karanta su a gidajen rediyo da Hausa, a maimaita ranakun kasuwa. A fassara kwantiragi a karanta wa mai tafiya a gaban jami'i, a ba shi kofi, a bar kofi a gida. A gwada ƙoda da hawan jini kafin tafiya da bayan dawowa, don a samu hujja in aiki ne ya lalata su. A sa jami'in ƙwadago mai jin Hausa da Larabci a Jidda da Riyad, da lambar da ake ɗauka, kuma kada ofishin jakadanci ya rufe fayil ɗin mamaci sai takardun nan sun cika. Da yake wasu ta Ɗan Isa da Jibiya suke bi su tashi daga Kano, rajistar da ta tsaya a filin jirgin Yamai za ta rasa su. Sai an haɗa da masu gari da limamai. Dillalin da ya karɓi kuɗi ya kai mutum aikin da bai yarda da shi ba, dokar 2010 ta yaƙi da fataucin mutane ta isa a kama shi da ita. Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar yaƙi da aikin tilas, a Mayun 2015, Saudiyya ma ta amince da ita a 2021. Ga madogara ta zama teburi ɗaya da su.

Ku kuma, Ranka ya daɗe shugaba, tun Maris 2025 da aka zaɓe ku a Alƙahira kuna zaune inda ake yanke shawara, kuma Afirka na da ƙuri'a 54 cikin 211. Sashe na 3 na kundin FIFA ya ɗaure ta da mutunta haƙƙin ɗan Adam tun 2016. Kuɗin raya ƙwallo da take ba kowace hukuma, har dalar Amurka miliyan 8 a zangon 2023 zuwa 2026, daga ribar gasar duniya yake fitowa, don haka wani abu na gumin leburan Katar ya iso har filayenmu. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Muna roƙon ku nemi a rubuta, tun yanzu, cewa kariya ta shafi duk aikin da gasar ta jawo har otal da hanya. Cewa za a riƙa buga adadin mamata duk shekara da ƙasarsu da sababin mutuwa bayan bincike. Cewa masu duba aiki masu zaman kansu za su shiga ba sanarwa, su yi magana da ma'aikata ba shugaban aiki a wurin. Cewa ma'aunin zafi ne zai tsai da aiki. Cewa kamfanin da ma'aikacinsa ya biya dillali zai mayar masa. Kuma a ware asusun diyya daga kuɗin gasar kafin a buga wasan farko. Ku nemi takwarorinku na Afirka ku kai wannan tare, a sa shi cikin ajandar Majalisar FIFA da sunan nahiyar.

Filin wasa na Maraɗi ya karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Fabrairun 2019, kuma har yau nan matasa suka fi taruwa. Muna neman ku turo wakilai daga FENIFOOT da ANPE a yi zama a can da iyaye, da waɗanda suka dawo daga Saudiyya, da ajans masu lasisi, a buɗe rajistar a ranar. Muna kuma jiran amsarku a rubuce.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu masu horar da 'yan ƙwallo, magina, ma'aikatan lafiya da 'yan ƙwadago, Maraɗi.